Clara Ugbodaga-Ngu: Haifaffiyar Kano da ta koyar da manyan masu zanen Najeriya

Clara Etso Ugbodaga-Ngu ƙwararriyar mai zane ce kuma malama, wadda ke cikin matan Najeriya na farko da suka yi karatun zane na zamani har suka koyar da shi a babbar makaranta. An haife ta a Kano a shekarun 1920, iyayenta kuma 'yan asalin ƙasar Edo ne. Ta rasu a shekarun 1990.

A ƙasar Kano inda aka haife ta, an daɗe da raba aikin ƙawata gida tsakanin maza da mata. A garuruwan karkara irin su Bichi da Dambatta, kamar yadda yake a cikin birni, zanen dagi da sauran adon bango sana'ar magina ce, su kuwa maza ne. Rabon mata shi ne daɓe da jeren ɗakin amarya. Don haka a wancan zamani baƙon abu ne a ga mace ta riƙi zane a matsayin sana'ar da ake karantawa a makaranta.

Ta fara da koyarwa a makarantun mishan. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ba ta tallafin karatu zuwa Ingila, inda ta shiga makarantar zane ta Chelsea da ke Landan, daga baya ta sami shaidar koyar da zane a Jami'ar Landan. A 1955 ta dawo gida ta kama aiki a Kwalejin Fasaha, Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya da ke Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A lokacin kusan duk malaman sashen zane Turawa ne.

Tana cikin malaman sashen ne a 1958, lokacin da ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya. Manufarsu ita ce haɗa dabarun da suka koya daga Turawa da adon gargajiyar ƙasarsu, maimakon kwaikwayon Turai kawai. Daga cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko, da Yusuf Grillo wanda ya yi suna wajen zanen bango da na gilashi a Legas, da Bruce Onobrakpeya wanda ya shahara a fasahar sassaƙa zane a kan faranti a buga shi a takarda.

A wannan shekarar ta 1958 ta baje kolin ayyukanta ita kaɗai a Landan. Zane-zanenta sun fi karkata ga rayuwar talakawa, kamar matan kasuwa da mabarata, akwai kuma waɗanda ba su kwaikwayi siffar wani abu ba, sai tsarin launi da layi. Ɗaya daga cikin irin waɗannan, na 1960, yana ajiye a Jami'ar Birmingham. Ta auri likitan tiyata ɗan Kamaru, Victor Anomah Ngu, wanda daga baya ya zama ministan lafiya a ƙasarsa.

Duk da wannan gudummawa, sunayen ɗalibanta sun fi nata yawo a littattafan tarihin zane, kuma a Kano, mahaifarta, kaɗan ne suka san da ita. A 'yan shekarun nan ne masu bincike suka sake waiwayar ayyukanta da rawar da ta taka a Zariya.