Alama ɗaya, karatu biyu: daga rubutun Luwiyawa zuwa ramzin malaman Adar

Maƙasudinmu a nan shi ne mu duba abin da na'ura mai ƙwaƙwalwa take adanawa, da abin da take bari, idan aka shigar mata da alamar lissafi.

Za mu fara da rubutun zane na Luwiyawa, mutanen da suka zauna a Anatoliya, watau Turkiyya ta yau, da arewacin Siriya. An daina amfani da wannan rubutu wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A 1960 Emmanuel Laroche ya jera alamominsa, ya ba kowace lamba. Bisa wannan jeri ne tsarin Unicode ya karɓi alamomi 583 a 2015.

Alama ta 391 layuka huɗu ne a tsaye. Wani wuri tana nufin "huɗu", wani wuri kuma gaɓa ce da ake karantawa "mi". Haka ta 395, mai layuka tara, ake karanta ta "nu". Unicode ya ba kowace gurbi guda. Siffa ke nan aka adana. Zaɓen karatu yana wuyan mai karatu.

Wannan matsala tana nan gida. Malaman zaure, daga Tawa har Tebaram, sun gaji hisabin abajada, inda kowane baƙi yake da adadinsa, kuma da shi mawallafan ƙasar Hausa suke saka ramzin shekara a ƙarshen waƙa. To amma lissafin Magariba suke bi. A nan shin 1000 ne, a lissafin Gabas kuwa 300.

Mu ɗauki shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu, 1218, daidai da 1804. Da baƙaƙe ana rubuta ta shin, ra, ya, ha ƙarami: 1000, 200, 10 da 8. Wanda ya bi lissafin Gabas zai samu 518, kuskuren shekara 700. A 2016 Unicode ya ƙara fa, ƙaf da nun irin na rubutun Warshu, amma shin guda ne, ba ya nuna lissafin da marubuci ya bi.

Saboda haka muna ba ɗalibanmu masu aiki kan takardun IRSH a Yamai shawara: duk ramzin da suka buga, su rubuta adadinsa a gefe, su faɗi lissafin da aka bi.