Daga Bakin Fatake Zuwa Saƙon Murya

A zamanin da Rano ta yi fice da rini a cikin Hausa Bakwai, mutumin da ya bi ayari zuwa Gwanja neman goro ba shi da hanyar sanar da gida halin da yake ciki sai ta bakin fatake. Saƙo kan yi watanni a hanya, har labarin haihuwa ya iske uba yaro yana rarrafe.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, wasiƙa ta samu sauri. Sai dai wasiƙa tana buƙatar mai rubutawa da mai karantawa. Matar da mijinta ya tafi cin rani daga ƙauye irin Saji ko Kibiya, dole ta kwance wa ɗan makaranta sirrinta, shi kuma ya rage abin da kunya ta hana shi rubutawa. Wannan ne ya sa da rikoda ta yawaita, mutane suka koma naɗar magana a kaset suna aikawa, musamman ga 'yan'uwa mazauna Makka. A kan taru a tsakar gida a saurara, a yi kuka, a sake juyawa.

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a 2001, intanet ta kan waya kuma ta biyo ta sannu a hankali. A ganina, ba ta zama ta mutanen karkara ba sai bayan 2013, lokacin da WhatsApp ya fito da saƙon murya. Kaset ɗin nan ne ya dawo, ba tare da jiran mai tafiya ba. Tsohuwar da ba ta san boko ba ta danna ta gaisa da jikanta a Legas. Manomi ya ji farashin hatsi a Dawanau kafin ya ɗora buhu a mota. Ƙarya ma ta samu abin hawa, kamar jita-jitar wanka da ruwan gishiri lokacin cutar Ebola a 2014.

A watan Satumba na 2021, hukuma ta katse layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga. Makonni suka wuce babu kira, babu intanet. Masu hali suka riƙa tsallakawa maƙwabtan jihohi don su buga waya, marasa hali kuwa suka koma tasha, suna ba direbobi saƙo da baki.