TARIHI: Yadda Littafi Mai Tsarki Ya Samu Bakin Hausa

Jama'a, duk wanda ya taɓa wucewa ta kusa da barikin soja ko na 'yan sanda a Legas, Ibadan ko Fatakwal ranar Lahadi, da wuya bai ji ana waƙa da wa'azi da Hausa ba. Yawancin masu wannan sujada mutanen Filato ne, da Kudancin Kaduna, da Bauci, da Adamawa, kowa da harshen gidansu. Abin da ya haɗa su shi ne littafi guda da aka kammala fassarawa zuwa Hausa a 1932. Tarihinsa wani yanki ne na tarihin harshenmu, don haka ya kamata mu san shi.

Da farko, me ya sa Kirista suka damu da fassara haka? A aƙidarsu, Allah ne Ya hure annabawa da manzanni suka rubuta littafin, kowa da harshen zamaninsa. Tsohon Alkawari da Ibrananci aka rubuta shi, sai ɗan kaɗan da Aramiyanci, Sabon Alkawari kuma da Girkanci. Tunda tun asali ba da harshe ɗaya ya zo ba, malamansu suna ganin ikonsa yana cikin saƙon da yake ɗauke da shi, kuma fassara mai aminci ita ma Maganar Allah ce ga mai karanta ta. Nan suka bambanta da Musulmi, waɗanda a wurinsu Alƙur'ani shi ne na Larabci, abin da aka juya zuwa wani harshe kuwa fassarar ma'ana ce. Shi ya sa tun kafin haihuwar Almasihu Yahudawan Iskandariya suka fara juya Attaura zuwa Girkanci, sannan wajen shekara ta 405 Jerom ya gama tasa ta Latin. Amma wannan aƙida tana ɗora wa mai fassara kaya mai nauyi: in ya zaɓi kalmar da ba ta dace ba, kuskurensa ne mutane za su riƙe a matsayin nassi.

Wanda ya fara gwada aikin da Hausa wani Bajamushe ne, James Frederick Schön, ma'aikacin mishan ta CMS. Ya biyo tawagar da Ingila ta turo Kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya kuma buga ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843. Sai dai bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. A bakin 'yantattun bayi ya koyi harshen.

Babban malaminsa wani saurayi ne, Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram. An kama shi yana yaro aka sayar a Barno, ya samu 'yanci a Kukawa, ya bi matafiyin nan Heinrich Barth har Tumbutu, daga nan suka isa Ingila a 1855. A can ya zauna gidan Schön yana ba shi kalmomi da tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa. Da taimakonsa aka buga Bisharar Matiyu da Hausa a 1857, sannan Sabon Alkawari ya fito a 1880. Dorugu ya dawo gida, ya rasu a Kano a 1912. Sau da yawa sunan Bature kawai ake ambata, alhali Hausar da ke cikin waɗannan littattafai daga bakin wannan yaro aka ɗebo ta.

Duk da haka aikin bai yi nisa ba. An yi shi ne nesa da kasuwa da zaure, ginin jimlolinsa ba irin na Bakano ko Bazazzage ba ne, kuma a lokacin masu karatu a ƙasar Hausa ajami suka sani. Efik sun samu cikakken littafinsu a 1868, Yarbawa a 1884, Ibo a 1913, Hausa kuwa tana jira.

Wanda ya kai aikin gaci shi ne Dakta Walter Miller. Ya fara koyon Hausa a Tarabulus wurin fatake da mahajjata, sannan ya zo cikin tawagar Bishop Tugwell da ta isa Kano a 1900. Sarki Alu bai karɓe su ba, ya ce su bar masa gari, suka koma Girku. A 1905 Miller ya zauna cikin birnin Zariya, daga baya mishan ta koma Wusasa a 1929. Shekaru kusan talatin ya yi yana fassara a tsakiyar masu harshen, tare da ɗalibansa da ma'aikatan wasu mishan irin su SIM da SUM. Ya zaɓi boko maimakon ajami, kuma wannan zaɓi ya taimaka wajen kafuwar rubutun da muke amfani da shi yau.

Inda aka fi shan wuya shi ne wajen kalmomi. Hausa ta daɗe da cika da kalmomin addini daga Larabci, kowace da ma'anar da mutane suka riga suka sani. Masu fassara suka ɗauki Allah, Ubangiji, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, Zabura da Ruhu Mai Tsarki, domin da su ne Bahaushe yake maganar ibada. Amma a wasu wurare suka kauce. Suka rubuta Yesu, ba Isa ba. Fassarar 1932 ta ce Kristi, ta ce Yohanna. Da Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1966, ta fitar da sabuwar fassara a ƙarshen shekarun 1970, sai ta koma Almasihu da Yahaya, sunayen da kunnen Bahaushe ya saba da su. Har gobe akwai dattawan da suka fi son tsohuwar, domin da ita suka haddace ayoyinsu.

To, in littafin daga Allah yake, me ya kawo sake fassara? Amsar malaman Kirista ita ce asalin bai canja ba, harshen da ake juya shi ne yake tafiya. Hausar 1932 ta riga haruffa masu lanƙwasa irin ɓ, ɗ da ƙ shiga littattafai. Ga kuma tsofaffin rubuce-rubucen hannu da ake ta bincike a kai. A 1947 aka gano naɗaɗɗun littattafai a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri, cikinsu har da cikakken littafin Annabi Ishaya wanda ya girmi kwafin Ibrananci da aka sani da shekara kusan dubu. Kirista suna kafa hujja da kusancinsa da kwafin baya cewa an adana nassin, kuma masu sabuwar fassara suna duba irin waɗannan kafin su tsayar da kalma.

Abin lura shi ne, Miller Hausawan birni ya nufa da aikinsa, amma waɗanda suka rungume shi galibi ƙabilun tsakiyar Nijeriya ne. Ta hanyarsa Hausa ta zama harshen sujada a ECWA da COCIN, har wasu ikilisiyoyi suka raɗa wa kansu suna da ita, kamar EYN da TEKAN. Don haka in ka ji mutumin Pankshin ko na Zonkwa a Agege yana zuba Hausa mai kalmomi irin na kakanni, wataƙila daga wannan littafi ya gaje su. Allah Ya ƙara mana fahimtar juna da zaman lafiya.