Likitocin da suka zama abin bincike: Richard Doll da sankarar huhu

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, hukumomin lafiya a Birtaniya sun shiga damuwa. Sankarar huhu, wadda a farkon ƙarnin likita kan daɗe bai ga mai ita ba, ta zama ruwan dare, kuma an rasa dalili. Wasu sun zargi hayaƙin motoci, wasu kwaltar da ake malalawa a tituna. Kaɗan ne suka kawo sigari a ransu, domin galibin maza suna sha, har da likitocin kansu.

A 1947 Majalisar Binciken Lafiya ta ƙasar ta ɗora wa Austin Bradford Hill nauyin gano musabbabin. Hill ya so zama likita, amma tarin fukar da ya kama shi a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya hana shi, sai ya zama masanin ƙididdiga. Abokin aikin da ya ɗauko, Richard Doll, lissafi ya so karantawa tun yana saurayi, ƙaddara ta kai shi likitanci. Kowannensu ya samu a wurin ɗan'uwansa ilimin da ya kuɓuce masa.

Hanyar da suka bi mai sauƙi ce. An yi wa majinyata tambayoyi a asibitoci 20 na Landan, masu sankarar huhu da masu wasu cututtuka, aka kwatanta amsoshinsu. Cikin maza 649 masu sankarar, mutum 2 kacal ne ba sa shan taba. A ɗaya rukunin mai adadi ɗaya kuwa, 27 ne. Doll, wanda da farko kwalta yake zargi, ya daina shan sigari tun kafin a kammala aikin. An buga sakamakon a mujallar British Medical Journal a Satumbar 1950, watanni kaɗan bayan Ernst Wynder da Evarts Graham sun fitar da irinsa a Amurka.

Masu shakka suna da abin faɗa. Majinyaci na iya mantawa ko ya ƙara gishiri, kuma haɗuwar abubuwa biyu ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan. Daga baya ma Ronald Fisher, babban masanin ƙididdiga na zamanin, ya dage cewa wataƙila gado ne ke jawo sha'awar taba da cutar gaba ɗaya.

Maimakon jayayya, Doll da Hill suka sauya dabara. A 1951 suka aika wa likitocin Birtaniya takardar tambaya game da shan tabarsu, kimanin 40,000 suka amsa. An zaɓi likitoci ne domin sunayensu na cikin rajista, bin sawunsu ba wuya har ranar mutuwa. A nan an rubuta ɗabi'ar mutum tun yana da lafiya, saura jira. Rahotannin 1954 da 1956 suka nuna cewa gwargwadon yawan karan da mutum ke sha, gwargwadon haɗarinsa. Likitoci suka ga abokan aikinsu a cikin alƙaluman, da yawansu suka daina. Rahoton Kwalejin Likitoci ta Landan na 1962 da na Babban Likitan Amurka na 1964 sun jingina da wannan aiki.

Binciken bai tsaya nan ba. Richard Peto ya shigo, suka ci gaba da bin waɗannan likitoci daga Jami'ar Oxford. A 2004, Doll yana da shekara 91, suka fitar da sakamakon shekara 50: mai shan sigari tsawon rayuwarsa kan rasa kimanin shekara 10 na rayuwa. Wanda ya daina yana ɗan shekara 50 ya rage haɗarin da rabi, wanda ya daina yana ɗan 30 kuwa ya kusa kauce masa baki ɗaya.

Wannan sakamako na ƙarshe shi ne ya fi amfani ga mai karan sigari a hannu, domin ya nuna masa cewa dainawa na da riba ko da shekaru sun ja. Doll, wanda ya daina tun bai kai shekara 40 ba, ya rasu a 2005 yana da shekara 92.