Abin Da Likitoci Suka Taɓa Cewa Game Da Yaran Da Ke Da Lalurar Down

'Yan uwa, akwai darasi a tarihin lalurar Down, wadda wasunmu ke kira galahanga. A 1866 wani likita a Ingila, John Langdon Down, ya fara bayyana siffofinta. Sai a 1959 masu bincike a Faransa suka gano musabbabinta: ƙarin ƙwayar halitta ta gado mai lamba 21. Ba aikin aljanu ba ne, ba kuma laifin uwa ba.

Shekaru da yawa ƙwararru sun ɗauka waɗannan yara ba za su koyi komai ba. A Amurka, likitoci kan shawarci iyaye su kai jaririn gidan tsare masu naƙasa tun ranar haihuwa. Har shahararren likitan yara Benjamin Spock ya ba da wannan shawara a littafinsa na 1946. A 1972 wani ɗan jarida ya fallasa halin da dubban yara ke ciki a gidan Willowbrook na New York: cunkoso, ƙazanta, babu karatu. An rufe gidan a 1987.

Hasashen ƙwararrun da kansa ya cutar da yaran. An hana su makaranta, aka ce ga shi ba sa koyo. An hana su tiyata, aka ce ga shi ba sa daɗewa. A 1982 wani jariri a jihar Indiana ya mutu bayan an ƙi yi masa aikin maƙogwaro, abin da ya kai ga gyara doka a 1984.

Da aka buɗe musu makarantu da asibitoci, sai labari ya canza. A 1983 matsakaicin shekarunsu a Amurka 25 ne. Yau ya kusa 60. A Sifen, Pablo Pineda ya kammala jami'a.

A nan gida, an sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa a Janairun 2019. Sai dai doka ba ta shiga ɗaki ta fito da yaron da aka ɓoye. Mu ne za mu yi wannan. Idan Allah ya ba mu irin wannan ɗa, mu kai a duba zuciyarsa da wuri, domin kusan rabinsu ana haifar su da matsalar zuciya. Mu sa shi makaranta, mu koya masa sana'a. Likita ya san ciwo, amma Allah ne kaɗai ya san gobe.