Hassan Muthalib: Yadda Mai Zanen Kanti Ya Koyi Motsa Zane

Yaran da ke zube gaban talabijin a Cheras da sauran unguwannin Kuala Lumpur suna kallon shirin zane na Upin & Ipin, kaɗan ne a cikinsu suka san sunan Hassan Abd Muthalib, alhali shi ake wa laƙabi da uban fim ɗin zane na Malesiya.

An haife shi a jihar Kedah a 1945. Bai shiga wata makarantar koyon fim ba. A 1964 ya kama aikin zane a kantin Robinsons da ke Kuala Lumpur, inda hannunsa ya faɗa a kan rubutun talla da ƙawata kayan sayarwa. A 1968 ya koma Filem Negara, hukumar shirya finafinai ta gwamnati, aka ɗora shi kan zana sunayen da ke fitowa a farkon fim.

A nan ne ya haɗu da Anandam Xavier, wanda tun 1961 yake fama da wani gajeren fim ɗin zane, Hikayat Sang Kancil, bai kammala shi ba sai 1978. Wannan jinkiri kaɗai ya isa ya nuna wuyar sana'ar. A lokacin babu kwamfuta. Kowane motsi sai an zana shi da hannu a kan farar leda mai garai-garai, a shafa launi ta baya, a shimfiɗa ƙarƙashin kyamara a ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ga shi daƙiƙa guda tana cin hoto 24. Da littattafai da kallon aikin na gaba Hassan ya koya, ya ɓata, ya sake.

Abin da ya fi burge ni shi ne labaran da aka zaɓa. Kancil wata 'yar mitsitsiyar gada ce da ke taka rawar Gizo a tatsuniyoyin Malay, mai ƙaramin jiki da yawan dabara. A shekarun 1980 Hassan ya fitar da ita tare da biri, sannan da kada, yara suka ga tatsuniyar kakanninsu tana motsi a talabijin da harshensu.

A 1998 ya ba da umarnin Silat Legenda, dogon fim ɗin zane na farko a ƙasar, wanda ya aro jarumansa biyar daga labarin gwarzon Malay Hang Tuah da abokansa.