Waɗanda Suka Haƙa Panama da Waɗanda Suka Ƙirga Ƙasar

A watan Mayun 1879 masana sama da ɗari suka taru a birnin Paris domin yanke shawarar yadda za a tsaga ƙasar Panama, jiragen ruwa su riƙa ratsawa daga tekun Atlantika zuwa na Pasifik ba sai sun zagaye Kudancin Amurka ba. Uban taron shi ne Ferdinand de Lesseps, dattijo mai shekara 73, wanda shekara goma kafin nan ya buɗe mashigin Suez a Masar. Ba injiniya ba ne. Tsohon jami'in diflomasiyya ne mai zaƙin baki, kuma Faransawa sun yarda da shi yarda ta haƙiƙa.

Abin da yake so shi ne a maimaita Suez: a haƙa rami guda mai zurfi daidai da bakin teku, daga wannan gaɓa zuwa waccan. Wani injiniya mai suna Godin de Lépinay ya tashi ya ce hakan ba za ta yiwu a Panama ba. Shawararsa ita ce a datse kogi a yi tafki, a gina ɗakunan ruwa masu ƙofofi da za su ɗaga jirgi hawa-hawa su sauke shi a ɗaya gefen. Aka yi watsi da maganarsa. Mu riƙe sunansa, domin kusan abin da ya faɗa aka dawo aka gina daga baya.

Taron ya kiyasta aikin zai ci faran miliyan 1,200 da shekara 12. De Lesseps ya je Panama da rani, ya ga sararin sama garau da koguna a kwance, sannan ya zauna da alƙalaminsa ya rage kiyasin zuwa wajen miliyan 658. Babu wani sabon awo da ya ba shi wannan damar. Adadin da masu zuba jari za su iya haɗiya ya nema, ya kuwa samu. A nan muke ganin aikin ya fara rasa idonsa, tun ba a sa shebur a ƙasa ba, domin duk lissafin da za a yi nan gaba da wannan ma'aunin ƙarya za a gwada shi.

Aka fara aiki a 1881. Damina ta faɗi, kogin Chagres ya cika ya batse. A tudun Culebra, wurin da ya fi ko'ina wuyar yanka, ƙasar da aka kwashe yau sai ta zaftaro gobe ta binne layin dogo da injuna. Yawan ƙasar da aka ce za a haƙa ya tashi daga kubik mita miliyan 75 zuwa miliyan 120. 'Yan kwangila suka yi yawa, kowa da irin kayan aikinsa, kowa yana zaɓen inda ƙasa ta fi laushi tunda da yawan abin da ya kwashe ake biyansa. Zazzaɓin shawara da na cizon sauro suna ta ɗauke mutane, a lokacin kuwa ba a tabbatar sauro ne ke yaɗa su ba. A asibitin kamfanin har kwanonin ruwa ake sa wa ƙafafun gado don hana tururuwa hawa, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa a ƙarƙashin majiyyaci. Babban darakta Jules Dingler ya binne ɗansa da 'yarsa da saurayin 'yar da matarsa.

A Paris fa? Mujallar kamfanin tana ta buga albishir, ana toshe bakin 'yan jarida da kuɗi. Mu da kunnenmu ya saba da jin “an kammala kashi casa'in cikin ɗari” shekara da shekaru ba za mu yi mamakin wannan ba. Sai a 1887 de Lesseps ya yarda da tsarin ƙofofin ruwa, aka ba Gustave Eiffel kwangilarsu, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A 1889 kamfanin ya karye bayan ya cinye wajen faran biliyan 1.4. Mutum kusan 800,000 suka yi asarar jarinsu, akasarinsu masu ƙaramin ƙarfi. An kiyasta ma'aikata 22,000 suka mutu. Da aka tono maganar hancin da aka ba 'yan majalisa, kotu ta samu de Lesseps da ɗansa Charles da laifi a 1893.

Amurka ta shigo ne ta hanyar da ba ta da tsabta: ta mara wa ɓallewar Panama daga Kolombiya baya a 1903, ta sayi kayan Faransawa a kan dala miliyan 40, ta karɓi wurin a watan Mayun 1904. Shekararta ta farko ba ta fi ta Faransawa kyau ba. Kwamitin mutum bakwai a Washington ne ke sa hannu a kan kowace takardar sayen kaya, buƙatu suna kwana watanni a kan tebur, ga kuma matsin lamba a nuna wa jama'a ana haƙa. Wannan ma ana iya kiransa sa ido, amma irin wanda ke tsare takarda ya bar aiki. Babban injiniya John Wallace ya ajiye aiki a 1905.

Wanda ya gaje shi, John Stevens, mutumin layin dogo ne. Abin da ya fara yi shi ne dakatar da haƙa a Culebra. Ya duba ya ga injin haƙa ba ya da amfani in babu taragon da zai kwashe abin da ya tono, saboda haka ya sake gina layin dogon, ya gina gidaje da rumbunan abinci, ya ba likita William Gorgas mutane da kuɗin yaƙi da sauro. Kafin 1906 ta ƙare an daina mutuwa da shawara a yankin aikin. A shekarar ce kuma majalisar Amurka ta amince da tafki da ƙofofi.

Stevens ya tafi a 1907, Shugaba Theodore Roosevelt ya naɗa soja, George Goethals, ya kuma tattara masa iko a hannu ɗaya. Goethals ya raba aikin gida uku, ɓangaren Atlantika da na tsakiya da na Pasifik, kowanne da shugaban da za a tuhuma. Ana rubuta abin da aka kashe a kan kowane nau'in aiki, har a iya gwada kuɗin kankare na wannan ɓangare da na wancan. Jaridar mako-mako ta hukumar, Canal Record, tana buga yawan ƙasar da aka kwashe, har direbobin injuna suka shiga gasa da juna. Ran Lahadi da safe kuma ƙofar ofishinsa a buɗe take ga duk ma'aikacin da ke da kuka. Ta nan yake jin abin da rahoto ba ya ɗaukowa.

Ƙasar Culebra ba ta daina zaftarowa don Amurkawa sun zo ba. A 1907 zaftarewar Cucaracha ta cika ramin da laka, wasu kuma suka biyo baya shekara bayan shekara. Bambancin shi ne yanzu ana auna abin da ya zubo, a ƙara shi cikin lissafi, a faɗi adadin a fili, a sake tsara jiragen kwasa. Ranar 15 ga Agustan 1914 jirgin ruwan Ancon ya ratsa mashigin a hukumance. Jimillar abin da Amurka ta kashe wajen dala miliyan 375 ne, ƙasa da kiyasin da aka yi tun farkon zamanin Goethals.

Sai dai littattafan nan da muke yabo suna da shafin da ba ya daɗin karantawa. Ma'aikata kashi biyu aka raba su. Fararen Amurkawa suna jerin zinariya, sauran kuma, galibinsu baƙaƙen fata daga Barbados da wasu tsibiran Karibiyan, suna jerin azurfa. Albashi daban, gida daban, wurin cin abinci daban, har tagar karɓar kuɗi daban. An tsara wannan da irin tsanakin da aka tsara zirga-zirgar taragu. A zamanin Amurkawa an rubuta mutuwar ma'aikata 5,609 ta hanyar cuta da haɗari, kuma wajen 4,500 daga cikinsu baƙaƙen fata ne 'yan jerin azurfa.